Yadda za ka ɗinka wa tagogin motar kwana marufan sanyi masu cirewa

Daren farko da na kwana a motata cikin watan Janairu, a gindin duwatsun Harz da ke tsakiyar Jamus, na lulluɓa da bargo biyu amma sanyi yana sauka a fuskata kamar ana tsiyaya mini ruwan randa. Na tashi na laluba tagar da ke saitin kaina, na same ta rufe gam. Da gari ya waye gilashin ya jiƙe sharkaf ta ciki, ruwan ya gangaro har ya taɓa bakin katifa. Motar tsohuwar Ford Transit ce da aka mayar da bayanta ɗaki, da gado da wurin girki, irin wadda Jamusawa ke kira Wohnmobil. Wanda ya sayar mini ya cusa wa bangonta abin tare sanyi yadda ya kamata, tagogin ne aka bari tsirara.

Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda na yi wa kowace taga marufinta, wanda ake mannawa da dare a cire da safe. Aikin bai fi ƙarfin mai almakashi da keken ɗinki ba, kuma zai yi wa direban da ke kwana a mota cikin hunturu amfani, ko a hanyar Agadez ko a tsaunin Jos, domin gilashi halinsa ɗaya ne a ko'ina.

Ka fara gane wane irin sanyi ne ke damunka

Sanyin da ke shigowa ta taga iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko iska ce ta gaske da ke kurɗowa ta inda robar taga ta tsufa ko ta tsage. Na biyu kuwa babu wata kafa ko kaɗan. Gilashin mota falle ɗaya ne, kaurinsa tsakanin milimita 3 zuwa 5, saboda haka sanyin waje yana ratsa shi nan da nan. Iskar ɗakin da ta taɓa shi sai ta huce, ta yi nauyi, ta gangaro ƙasa, wata mai ɗumi ta maye gurbinta, ita ma ta huce ta gangaro. Haka za su yi ta zagaye har asuba. Mai kwance a ƙarƙashin tagar zai rantse iska ce ke shigowa daga waje, alhali iskar ɗakinsa ce gilashi ke sanyayawa yana zubo masa.

Lissafin ba shi da wuya. Kowane murabba'in mita na gilashi falle ɗaya yana zubar da kusan wat 6 na zafi a kan kowane digiri ɗaya na bambanci tsakanin ciki da waje. Idan gilasan motarka sun kai murabba'in mita 3, ciki yana digiri 18, waje yana digiri 2 ƙasa da sifili, kusan wat 360 ke fita ba tsayawa. Soso mai kaurin santimita ɗaya da ya zauna daidai a jikin gilashin yana rage wannan asarar zuwa ƙasa da rabi.

Don ka rarrabe su, ka zaɓi ranar da ake iska, ka rufe ƙofofi da tagogi duka, ka kunna turaren tsinke ka bi gefen kowace taga da shi a hankali. Inda hayaƙin ya karkace ko ya watse, akwai kafa. Inda ya bi jikin gilashi ya yi ƙasa a nitse, sanyin gilashi ne kawai. Sannan ka gwada robar ƙofofi da ta tagogin da ake buɗewa: ka sa takarda a tsakani ka rufe, ka ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta saki a wurin.

Kafar iska ita ake fara toshewa, domin marufi ba ya maganinta. Ka wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu, ka bar ta ta bushe, ka shafa mata man silikon ko gilisarin don ta yi laushi. Kada ka shafa mata basilin ko man inji, suna kumbura irin wannan robar su lalata ta. Wadda ta tsage a sauya ta. Abu ɗaya da za ka kiyaye: a ƙasan firam ɗin tagogi masu zugewa akwai 'yan ƙananan ramuka da ruwan sama ke fita ta cikinsu. Hayaƙin turare zai iya nuna maka iska a nan, amma kada ka toshe su. In ka toshe, ruwa zai taru ya malalo cikin bango. Tsinke za ka sa ka share su.

Kayan da za ka nema

Marufi mai kyau hawa uku ne. Na tsakiya shi ne mai aikin: soso mai rufaffun ƙofofi wanda ba ya shan ruwa, irin na tabarmar da masu kwanan daji ke shimfiɗawa ko ta motsa jiki, mai kaurin milimita 8 zuwa 10. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka ɗiga masa ruwa. In ruwan ya tsaya a sama, shi ne. Soson katifa ba zai yi ba, auduga ma haka, don suna tsotse raɓa su riƙe, bayan mako biyu su fara wari da fumfuna. Wanda ke da hali zai iya sayen abin tare sanyi mai suna Thinsulate na kamfanin 3M, akwai nau'in da ake yi domin motoci, ba ya riƙe ruwa kuma yana naɗuwa fiye da soso.

Hawan da ke fuskantar gilashi ya zama yadi mai santsi da ruwa ba ya ratsawa, irin na tanti ko na laima. Ni baƙi na zaɓa, domin daga waje sai ka ɗauka gilashin ne mai duhu, ba wanda zai san akwai mai barci a ciki.

Hawa na uku shi ne wanda mutane suka fi ruɗewa a kansa, wato ledar nan mai ƙyallin azurfa da kumfar iska a tsakiya. Da yawa suna yanka ta ita kaɗai su manna a taga su ɗauka an gama. Ita kaɗai ƙarfinta kaɗan ne. Ƙyallin yana mayar da zafi ne kawai idan yana fuskantar sarari; da zarar ka manna shi a jikin gilashi ko ka rufe shi da yadi, aikinsa na mayar da ɗumin ɗaki ya mutu, saura 'yar kumfar. Saboda haka in za ka yi amfani da ita, ka sa ta a waje ɗaya na marufin ka bar fuskarta a buɗe tana kallon ɗaki. In ba ka son ganin ƙyalli a makwancinka, ka sa yadin da ranka ke so, ka ƙara wa soson kauri. Ni na bar azurfar a tagogin baya, na sa atamfa a ta kusa da gado.

Sauran kayan: tef na yadi mai faɗin santimita 4 ko 5 don kalmasa baki, zare mai ƙarfi na roba, kwali ko takarda mai kauri, alƙalamin maka, reza sabuwa, da ƙananan mayen ƙarfe masu ƙarfi, waɗanda ake kira niyodimiyam, masu faɗin milimita 15 zuwa 20 da kaurin milimita 3. Kafin ka saye su, ɗauki guda ɗaya ka zagaya motar ka gwada gefen kowace taga. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya faɗi, alminiyam ne ko roba, sai an bi wata hanya.

Awo: nan aikin yake

In ka tambaye ni abu ɗaya da ke raba marufi mai amfani da na banza, zan ce baki. Marufi siriri da bakinsa ya zauna daram ya fi mai kauri da ya bar kafa sama da ƙasa. Dalili kuwa, in akwai kafa, iska mai ɗumi za ta shiga ta sama, ta bi bayan marufin ta huce a jikin gilashi, ta fito ta ƙasa da sanyinta. Zagayen nan da na faɗa bai tsaya ba, ka dai ɓoye shi ne. Abin da ya sa labule mai lilo ba ya hana sanyi sosai ke nan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Da ka rufe gilashi, ɗumin ɗaki ya daina isa gare shi, sai ya fi da sanyi. Duk iskar ɗaki da ta samu hanyar zuwa wurinsa za ta sauke damshinta a kansa. Iska mai digiri 18 da damshi kashi 60 cikin 100 tana fara zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai digiri 10, gilashin da ke bayan marufi kuwa yana iya sauka ƙasa da sifili. Marufi mai sakakken baki yana iya ƙara maka ruwa a taga maimakon ya rage.

Saboda haka kada ka dogara da tef ɗin awo kaɗai. Tagar mota ba murabba'i ba ce, kusurwoyinta a lanƙwashe suke, wani lokaci samanta ya fi ƙasanta ƙanƙanta. Ka ɗauki takarda ka manna a tagar ta ciki da salatif, ka bi lungun firam da farcenka ko bayan cokali har layin ya fito, ka zana da maka, ka yanke. Ka mayar da takardar ka gwada. Inda ta gaza ka ƙara mata guntu da salatif, inda ta yi yawa ka rage. Sai ta zauna ba kafa sannan ka kwafe ta a kan kwali. Nan take ka rubuta a jikin kwalin wace taga ce, ina ne sama, wane gefe ne ke kallon ɗaki. Tagar hagu da ta dama sukan zama kamar mutum da hotonsa a madubi, in ba ka rubuta ba za ka yanka biyu iri ɗaya.

Daga nan hanya ta rabu biyu, gwargwadon yadda tagar take.

Idan gilashin yana cikin rami, wato firam ɗin ya yi zurfin santimita 2 ko fiye, marufin cusawa ya fi sauƙi. Ka yanka soson ya fi kwalin da milimita 5 ta kowane gefe, yadda sai ka ɗan danna shi zai shiga, ya riƙe kansa da kansa. Ba ya bukatar mayen ƙarfe.

Idan kuwa akwai ƙarfen mota a fili kewaye da tagar, ka yanka soson daidai da kwalin, amma yadin ya zarce da santimita 4 ta kowane gefe. Wannan leɓen da ya zarce shi zai ɗauki mayen ƙarfe ya kwanta a jikin motar ya rufe bakin ruf. A ganina wannan ya fi kowanne riƙe ɗumi, domin yana rufe har da ƙarfen gefen taga, wanda shi ma sanyi ke bi.

Yanka da ɗinki

Ka yanka soso da reza a kan katako, ka ja sau biyu ko uku a hankali maimakon ka danna sau ɗaya, bakin zai fi fita sumul. Ka gwada soson tsirara a tagar kafin ka taɓa yadi. Gyara a wannan matakin minti biyu ne, bayan ɗinki kuwa sai an farke.

Ka jera hawa ukun, ka kama su da 'yan maƙalan shanya maimakon fil, don kada ka huda yadin da kake so ya tare ruwa. Ka sa allura mai kauri, lamba 100, irin ta ɗinkin jins, ka buɗe tazarar ɗinki zuwa milimita 4. Ɗinki mai matsi yana yanka leda da soso kamar reza. In marufin babba ne, ka yanka soson gida uku ko huɗu a tsaye, ka bar rabin santimita tsakaninsu, ka bi tsakanin da layin ɗinki. Haka zai riƙa naɗewa kamar tabarmar makaranta, ya shige ƙarƙashin gado. Sannan ka kalmasa bakin duka da tef ɗin yadi, ka ɗinka ɗan madauki a kusurwar sama wanda za ka riƙa ja idan za ka cire.

Mayen ƙarfe shi ne na ƙarshe. In ka sa shi da wuri zai riƙa kama farantin keken yana hana yadi tafiya. Ka bar 'yan aljihuna a cikin kalmasar, tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakaninsu, da ɗaya a kowace kusurwa, ka zura su ka rufe da allurar hannu. Kowanne a ɗinke shi ta gefe biyu don kada ya yi yawo ya haɗu da ɗan'uwansa. Kada dutsen guga ya hau kansu, domin irin wannan mayen ƙarfe yana fara rasa ƙarfinsa in zafi ya wuce digiri 80. Ka kuma tabbata ɗinkin ya yi ƙarfi idan akwai yara a motar, haɗiye waɗannan ƙananan abubuwa haɗari ne babba ga hanji. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ya nisance su gaba ɗaya, ya yi marufin cusawa.

Wanda ba shi da keke ya kai wa tela kwalayen da kayan, ya fi kyau ma mai ɗinkin kujerun mota ko tamfol, don kekensu ya saba da kauri. Ka dai tsaya a kansa wajen yanka.

Inda gefen taga roba ne, ka manna ƙananan wasoshin ƙarfe da gam mai ƙarfi a inda kowane maye zai sauka, ko ka ɗaura maɓallan ƙarfe masu ƙas da ƙananan sukurori. Robobin nan masu tsotsar gilashi ban ba ka shawararsu ba. Da gilashi ya yi sanyi ya jiƙe sukan saki, ka farka tsakar dare marufi yana kan ƙafarka. Tef mai gam a baya shi ma gam ɗinsa yana narkewa da zafin bazara.

Gilashin gaba

Shi ne mafi girma, kuma shi ya fi zubar da zafi. Nan shawarata ta bambanta: in da hali, ka rufe shi ta waje. Marufin waje yana barin gilashin a cikin ɗumin ɗaki, saboda haka raɓa ba ta sauka a kansa, da safe ba sai ka kankare ƙanƙara ba. Ana yin sa da yadin tamfol a waje da soso a ciki, ya lulluɓe gilashin gaba da na ƙofofin biyu, kunnuwansa su shiga cikin ƙofa a rufe a kansu don iska ko ɓarawo kada su ɗauke. Aibinsa shi ne za ka naɗe shi a jiƙe in an yi ruwa, kuma sai ka fita waje kafin ka iya tuƙi. Saboda wannan, idan zan kwana a wurin da ban sani ba, na ciki nake sawa, sannan in rataya bargo mai nauyi daga rufi har ƙasa a bayan kujerun gaba, in raba wurin direba da ɗaki. Wannan bargon kaɗai yana kawo bambanci mai yawa.

In motarka tana da tagogin roba masu falle biyu, irin waɗanda ake sa wa motocin kwana daga masana'anta, sun riga sun fi gilashi riƙe ɗumi, marufi siriri ya ishe su. Sai dai kada ka bar mai azurfa manne da su cikin rana mai ƙarfi, zafin da ke taruwa a tsakani yana iya lanƙwasa su. Kada kuma ka goge su da sinadarin wanke gilashi mai barasa, yana sa su tsattsage.

Kafar da ba a toshewa

Wannan sashen ina roƙonka kada ka tsallake shi. Wanda ya ji daɗin yadda marufai suka kashe sanyi, zuciyarsa za ta raya masa ya toshe sauran kafofin ma. Kada ka yi. Tagar rufi a bar ta a buɗe kamar faɗin yatsa biyu duk dare, da wata 'yar kafa a ƙasa ko a gaba don iska ta samu mashiga. Mutum ɗaya mai barci yana fitar da ruwa kusan kofi guda ko fiye ta numfashi da zufa kafin safiya, kuma kowane kilo ɗaya na gas da ka ƙona a risho yana sakin ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a cikin iska. In ba shi da mafita, a bango da katifa zai zauna, tsatsa da fumfuna su biyo baya.

Abin da ya fi ruwa haɗari shi ne iskar guba da wuta ke fitarwa idan ba ta samun isasshiyar iska, wadda ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ji labarin waɗanda suka shiga ɗaki da kaskon gawayi cikin hunturu suka rufe ƙofa, aka wayi gari babu su. Cikin mota ya fi ɗaki ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kada ka ɗumama mota da gawayi ko rishon girki, kada ka yi barci inji yana aiki. Na'urar ɗumamawa ta zama irin wadda hayaƙinta ke fita waje ta bututu, kuma in ana dusar ƙanƙara ka duba kada ta binne bakin bututun. Ka sayi ƙararrawar da ke jin wannan iskar, a Turai ka nemi mai lambar EN 50291-2, wadda aka yi domin motocin kwana da jiragen ruwa, ka kafa ta kusa da gado. Ramin da ke ƙasan akwatin tukunyar gas shi ma a bar shi a buɗe, domin gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ta nan yake fita.

Sannan ka zaɓi taga ko ƙofa ɗaya da za ka fita ta cikinta in wani abu ya faru, ka tabbata marufinta yana fita da ja ɗaya a cikin duhu. Ka gwada da idonka a rufe.

Da safe

Ka cire marufan duka da zarar ka tashi, ko da ba za ka tuƙa ba. Ka goge gilasan da tsumma mai tsotsar ruwa, ka matse shi a waje, ba a cikin mota ba. Ka buɗe ƙofofi biyu na minti biyar iska ta ratsa, ka jingine marufan fuskar da ta kwana a jikin gilashi tana kallon sarari har ta bushe kafin ka naɗe. Ranar da ake rana, bar tagar da ke fuskantar kudu a buɗe wa hasken, ka mayar da marufin kafin magariba tun ɗumin bai gudu ba.

Idan bazara ta zo, waɗanda ke da fuskar azurfa sai ka juya su ƙyallin ya kalli waje ya kore rana daga gilasan. Da yake an juya, na tagar hagu zai koma dama, na dama ya koma hagu, saboda haka ka rubuta alamar a fuskokin biyu tun ranar ɗinki.